Maigidana ya koma gadin mota da ƙarfe a hannu

Assalamu alaikum Anti. Gidan haya muke zaune, babu gareji, saboda haka a bakin titi maigidana yake ajiye motarsa. Cikin wata biyu sau uku ana yi mana ɓarna. Da farko aka ɓalle madubin gefe duka biyun. Ya sayo wasu na hannu wurin wani da ya ba shi da sauƙi, ko rasit babu. Bayan mako biyu aka buɗe bonet aka ɗauke batir, alhali ba a fasa gilashi ba. Na ƙarshen ne ya fi ƙona masa rai: ya tayar da motar da safe, sai ta ɗau wani irin ruri har maƙwabta suka leƙo. Bakanike ya duba ya ce an yanke wani abu a jikin salansa da ake kira katalis. Yanzu ya ɗora zarginsa kan ɗan maƙwabcinmu, saurayi ne da ba ya aiki, yana yawan zama a waje har dare, kuma ya taɓa tambayarsa motar ƙirar wace shekara ce. Babu wanda ya gan shi yana taɓa komai. Amma maigidan ya daina gaisawa da mahaifinsa, ya kuma hana ni shiga wurin mahaifiyarsa, wadda aminiyata ce. Abin da ya fi tayar min da hankali, kullum da dare yana zama a duhu bayan ƙofa da guntun ƙarfe a hannu, ya ce sai ya karya hannun mai yi. Da safe kuma ya ja motar ya tafi aiki ido jawur. Anti, in gaya wa aminiyata abin da ake zargin ɗanta da shi? Ko in matsa a sayar da motar mu huta?

Ƙanwarki mai damuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar muku da mafi alherin abin da kuka rasa.

Bari in fara da ƙarfen nan, don shi ne ba zai jira ba. Masu yanke katalis ba kasafai suke zuwa mutum ɗaya ba. Yawanci biyu ne ko uku: ɗaya ya ɗaga motar da jak, ɗaya ya kwanta ƙarƙashi da ƙaramin zarto mai aiki da batir, na ukun yana cikin tasu motar, inji a kunne, yana duba hanya. Yanka biyu ne, gaba da baya, cikin 'yan mintuna sun gama sun ƙara gaba. To ki ƙiyasta maigidanki, mutumin da ya daɗe bai samu barcin kirki ba, ya fito shi kaɗai cikin duhu ya tunkari ƙarti uku da idonsu biyu, ɗayansu riƙe da abin da ke datse bututun ƙarfe. Wannan kenan in ɓarayin ne suka zo. In kuwa wani mai wucewa ne ya jingina da motar yana amsa waya, ko yaron nan ne ya ratsa ta gefenta zai shiga gida, ƙarfen ya riga ya sauka kafin a yi tambaya. Doka a yawancin ƙasashe ta bambanta wanda aka far wa ya kare kansa da wanda ya yi kwanton ɓauna da makami saboda dukiya. Na biyun kan iya tsintar kansa gaban alƙali, ko da wanda ya raunata ɓarawo ne na gaske. Ga kuma tuƙi da barci a ido kowace safiya, wanda ni a wurina ya fi ɓarayin haɗari. Garin neman gira ake rasa ido.

Sai maganar yaron. Hujjar maigidanki uku ce: ba ya aiki, yana zaman dare, ya taɓa tambayar shekarar motar. Samari nawa ne ba za su faɗa cikin wannan koma ba? A 1969 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Philip Zimbardo, ya ajiye tsohuwar mota a unguwar Bronx ta birnin Niyok, ba lamba, bonet a buɗe, aka koma gefe ana kallo. Cikin minti goma aka fara kwasa, kuma waɗanda suka fara ɗin miji ne da matarsa da ƙaramin ɗansu; suka cire lagireto da batir. Kafin awa 24 babu wani abin kirki da ya rage a jikinta, kuma yawancin manyan da suka yi ɓarnar mutane ne fes-fes, da suturarsu ta mutunci. Wata motar da ya ajiye a Palo Alto ta jihar Kalifoniya kuwa ta fi mako guda ba wanda ya taɓa, sai da shi kansa ya fara dukanta da guduma sannan masu wucewa suka sa hannu. Na kawo wannan ne saboda abu biyu. Fuska da sutura da zaman banza ba sa nuna ɓarawo. Sannan motar da ta yi kama da wadda ba a damu da ita ba, madubi a karye, waya na reto, ita ke kiran hannu na biyu da na uku.

Ni ban ma yarda hannu ɗaya ne ya yi duka ukun ba. Madubi kowa zai iya ɓalle shi yana tafiya, da sukuddireba ko da ƙarfin hannu kawai. Batir yana buƙatar wanda ya san motar kaɗan: tunda ba a fasa gilashi ba, ko dai an manta ƙofa a buɗe, ko kuma an zura wani abu ta ragar gaba ko ta ƙasa an jawo wayar da ke sakin bonet, abin da ke yiwuwa a wasu motocin. Katalis kuwa sana'a ce mai zaman kanta, tana son kayan aiki, da abin hawa, da mai saye da ke jira. Masu yinta kan zaga unguwanni suna duba ƙirar mota, ba ruwansu da ko ta wane ce. Yana yiwuwa wani na kusa ya yi nuni, haka ne. Amma "yana yiwuwa" bai isa a raba zumuncin gida biyu ba.

Ki san dalilin da ya sa abin nan ya zama abin farauta, domin zai taimake ki wajen magana da maigidan. Katalis wata 'yar tukunya ce ta ƙarfe a jikin bututun hayaƙi, tsakanin inji da wutsiyar salansa. A cikinta akwai wani abu mai ƙananan ramuka irin na saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Aikinsu su rage gubar hayaƙi kafin ya fita. Duka-duka 'yan giram ne, amma a watan Maris na 2021 oza ɗaya (kimanin giram 31) ta rodiyam ta doshi dala 30,000, ninkin zinare fiye da sau goma. Farashin ya faɗi ƙwarai daga baya, sai dai waɗanda suka koyi sana'ar ba su manta ba. A Amurka kaɗai, ƙungiyar NICB mai bin diddigin laifukan da suka shafi inshora ta ƙirga irin wannan sata fiye da 64,000 a 2022. A watan Nuwamba na 2022 hukumomin ƙasar suka kama mutum 21 na wata ƙungiya guda, suka nemi kotu ta ƙwace dukiyar da ta haura dala miliyan 545, kuma manyan cikinsu ba masu kwanciya ƙarƙashin mota ba ne, masu saye ne. Motoci masu tsayi daga ƙasa sun fi shan wahala, don ko jak ba a buƙata. Haka ma masu haɗa fetur da lantarki irin Toyota Prius, saboda injinsu ba ya aiki kullum, ƙarafan ciki ba sa saurin cinyewa.

Wannan ya kawo ni kan madubin da maigidanki ya sayo da sauƙi ba rasit, kuma a nan sai kin yi haƙuri da ni. Ba na cewa na sata ne. Amma ɓarawon madubi ba ado yake yi da shi ba, yana cirewa ne don ya san gobe wani da aka cire wa nasa zai zo nema, ba zai yi tambaya ba. Kowane mai mota da ya saya ido rufe ya ba da odar sata ta gaba. Shi ya sa a Ingila da Wales dokar dillalan tsofaffin ƙarafa ta 2013 ta wajabta musu lasisi, da tantance suna da adireshin wanda ya kawo kaya, ta kuma hana su biya da tsabar kuɗi. Sun gane cewa mai saye ya fi sauƙin kamawa a kan mai zarto. Sayen kayan hannu ba laifi ba ne, akwai masu fasa motocin da suka mutu bisa ƙa'ida. Bambancin yana bayyana a jikin kayan. Wanda ya cire a nutse yakan zare filogi, wayoyin su zo da kansu lafiya, kusoshi ba a gurje ba. Na sata yakan zo da waya a datse, kunnen roba a karye, ko wani wuri da aka goge da gangan inda lamba take. Nan gaba ya juya kayan ya duba, ya nemi rasit mai sunan mai sayarwa. Wanda ya ƙi bayarwa, a bar masa kayansa.

Kuma ku sa a ranku za su iya dawowa. Masu nazarin laifuka sun daɗe da lura cewa wanda aka yi wa sata ya fi fuskantar a sake yi masa, musamman a makonnin farko. Dalilin a fili yake: an san motar, an san inda take kwana, an san kuma mai ita zai sa sabo a gurbin wanda aka cire. Saboda haka kada a sa sabon katalis a mayar da motar wuri ɗaya a yanayi ɗaya.

Kafin gyara ma, ki hana shi yawo da ita haka. Bututun da aka datse yana zubar da hayaƙi ne a ƙarƙashin inda mutane ke zaune, kuma a cikin hayaƙin akwai iska mai guba da ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana iya kisa. In dole ne a kai ta gareji, a sauke gilasai. Wani zai ba shi shawarar a liƙa miƙaƙƙen bututu kawai a huta. Zai yi arha, amma motar za ta riƙa fitar da guba ga kowa, fitilar gargaɗin inji za ta iya kamawa ta ƙi mutuwa, kuma a ƙasashe da dama haramun ne. Bakanike ya duba har da na'urar auna iska da ke maƙale kusa da wurin, don sau da yawa zarton yakan haɗa da wayarta.

Abin da ɓarawon nan ya fi ƙi shi ne ɓata lokaci da ƙara da kayan da ba za su sayu ba, to a nan za a kashe kuɗi. Mai walda ko bakanike zai iya rufe katalis da farantin ƙarfe ko keji na sanduna, a bar masa hanyar shan iska don yana zafi sosai. Ba zai gagari mai naci ba, amma aikin minti biyu ya koma na minti ashirin ana ƙara a tsakar dare, yawancinsu sai su nemi wata motar. Bonet a ƙara masa kwaɗo na biyu, a kuma rufe wayar sakinsa inda take a fili. Batir a ɗaure shi da mariƙi mai makulli. Tayoyi, tunda ba su zo kansu ba tukuna, a sa wa kowace noti ɗaya irin wanda sai da makullinsa na musamman yake kwancewa, kuma kada a ajiye makullin a aljihun gaban mota inda kowa zai fara dubawa. Yawancin motoci tun daga 1981 suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, galibi ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. A zana ta, ko ƙarshenta, a jikin madubi da fitilu da katalis, a kuma shafa wa katalis ɗin fenti mai jure zafi mai launin da ke ɗaukar ido. Mai sayen da ke tsoron hukuma ba ya son irin wannan.

Ƙararrawar da yawancin motoci ke zuwa da ita ƙofa take gadi. Wanda ya kwanta ƙarƙashi bai taɓa ƙofa ba, wanda ya cire kan batir kuma ya kashe ta ɗungurungum. Wadda za ta yi muku amfani ita ce mai jin an karkata mota, mai kuma ɗan batirinta a jikin jiniya. Kyamara ma mutane kan kafa ta can sama, su wayi gari da hoton saman hula. A sauko da ita daidai fuska, a juya ta inda baƙuwar mota za ta tsaya, ko a samu lamba. A haɗa da fitila mai kamawa da kanta idan an gifta. Wajen ajiyewa kuma, a naɗe madubai, a matsa ɓangaren da bututun hayaƙi yake kusa da bango ko tudun gefen titi yadda mutum ba zai samu wurin kwanciya ba.

Akwai alama ɗaya da nake so ku riƙe. In kuka wayi gari kuka ga an ɓamɓaro bamba ta gefen fitilar gaba, wayoyi a waje, amma ba a ɗauki komai ba, kada ku ce yara ne. A 2022 haka ta faru da wani masanin tsaron na'urorin mota a Landan, sau biyu, daga baya motarsa ƙirar Toyota RAV4 ta yi ɓatan dabo. Binciken da ya yi da wani masani irinsa ya nuna cewa ta wayoyin fitila ɓarayin suka shiga na'urar motar suka yaudare ta cewa makulli ya zo. Ranar da kuka ga haka, kada motar ta sake kwana a nan, kuma a nemo sandar kulle sitiyari.

'Yan sanda a kai musu rahoto, duk da na san maigidan zai ce ɓata lokaci ne. Wataƙila ba za a dawo da ko noti ba, amma takardar ita kamfanin inshora zai nema, kuma rahotanni da yawa daga layi ɗaya su ke jawo sintiri. Ya duba takardar inshorarsa ma: wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai ba ta biyan sata, sai cikakkiya, ita ma akwai kason farko da mai mota ke ɗauka da kansa. Batun sayarwa kuwa, ku yi lissafi tukuna. Ku haɗa asarar wata biyun nan, ku auna da kuɗin hayar wurin kwanan mota mai gadi ko filin wani da ke da katanga, ko da sai an ɗan taka da ƙafa. Sayarwa cikin fushi faɗuwa ce, kuma wadda za a saya a gurbinta a titin nan dai za ta kwana.

Aminiyarki kada ki gaya mata. Magana zarar bunu ce. Ranar da kika ce mata "ana zargin ɗanki", ko da kin bi da rantsuwar cewa ke ba ki yarda ba, abin da za ta ji kenan har abada, kuma kin tona maganar mijinki a waje. Yaron ma, sunan ɓarawo in ya manne wa matashi a unguwa ba ya fita da wanki, wani lokaci har ya jawo masa abin da ya fi duka. Hanyar da na fi so ita ce maigidanki ya zaga masu motoci na layin ya tambaya ko an taɓa wani. Da wuya a ce ku kaɗai ne. Su zauna su haɗa kuɗin fitila da kyamara, su buɗe zauren waya na sanar da juna, kuma a gayyaci mahaifin yaron kamar kowa. In yaron na da hannu, saƙo ya isa gidansu cewa layin ya farka, ba tare da an ci mutuncin kowa ba. In ba shi da hannu, ba a zalunce shi ba. Kuma wanda ke zama a waje har dare shi ya fi kowa damar ganin baƙuwar motar da ke zagayawa a hankali. Da an tambaye shi cikin girmamawa, ƙila da tuni an ji wani abu.

Shi kuma maigidan, kada ki tare shi da "ka yi haƙuri" kawai, ya ji ta har ta gundure shi. Abin da ke cinsa ba kuɗin kaɗai ba ne, gani yake an raina shi a ƙofar gidansa, kuma zaman daren nan shi ne kaɗai abin da yake jin yana iya yi. In kika ce ya ajiye ƙarfen ba ki ba shi wani abin riƙewa ba, ba zai ajiye ba. Ki same shi da rana, bayan ya huta, ba lokacin da ya ɗauki ƙarfen zai zauna ba. Ki ce masa tsoro kike ji, ki faɗi abin da kike tsoro ƙarara: kada a ji masa rauni, kada ya ji wa wanda bai ji ba bai gani ba. Sannan ki kawo maganar mai walda da kyamara da zaman maƙwabta a matsayin aikin da shi zai jagoranta. In ya ƙi saurarenki, akwai wanda yake jin nauyi, yayansa ko wani amininsa. Ki nemi ya yi masa magana a kan ƙarfen kaɗai, ba sai an ambaci sunan yaron ba. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu kan abin da za a yi in an ji motsi da dare: a kunna fitilu, a danna ƙararrawar motar daga cikin gida, a buga wa 'yan sanda da maƙwabta waya, a ɗauki hoto ta taga in zai yiwu. Ƙofa ta zauna a kulle.

Hana ki shiga gidan aminiyarki da ya yi, kada ki saɓa masa a ɓoye, hakan zai ƙara wa wutar fetur ne. Amma gaisuwa ba ta cikin abin da za ki yanke, ki ci gaba da yi mata a hanya da ta waya da sakin fuska. Ki roƙe shi ya sa wa hanin wa'adi, misali zuwa lokacin da kyamara ta yi wata guda tana aiki. In ta tambaye ki me ya sa kika ɗauke ƙafa, ki ce mata satar nan ta hana gidanku sukuni, maigidan ba ya cikin natsuwarsa, ta taya ku da addu'a, kuma ta gaya wa nata maigidan ana shirin zama kan maganar fitilar layi.